Kada Ki Ɓoye Cikin Nan Yadda Na Ɓoye Nawa

Tudun Ƙofa, Keffi.

Sa'adatu 'yata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki. Allah ya kai ku Gombe lafiya, ya tsare ku daga sharrin hanya tun daga Akwanga har ƙofar gidan da za ku sauka. Allah ya sa canjin wurin aikin da aka yi masa ya zame muku alheri, ya haɗa ku da maƙwabta na kirki, amin.

Na san za ki yi dariya in kin tsinci takarda a cikin jakar yajin da na aiko miki kafin ku kama hanya. Za ki ce, Mama ke nan, an yi ritaya amma biro ya ƙi barin hannu. Yi dariyarki. Ai na san ki a waya: "To Mama, in sha Allahu Mama," alhali hankalinki na can kan wani abu daban. Ita takarda ba a katse mata magana. Ki samu wuri ki zauna ki karanta har ƙarshe, in kin gama ki miƙa wa maigidanki shi ma ya karanta. E, shi ma. Yau na ajiye kunyar suruki a gefe.

Ciki gare ki, Sa'a. Ba ki faɗa mini ba, ban kuma ji haushi ba. Ranar da kuka zo sallama ina kaɗa miyar kuka, sai ga ki kin fita tsakar gida kina toshe hanci da gefen mayafi, ke da tun kina ƙarama nake kama ki da daddawa a baki. Wai zafi ne ya dame ki. Ni za ki gaya wa zafi? A ganina bai wuce wata biyu ba. Na shiga ɗaki na yi wa Allah godiya, har da hawayena. Da na ɗago na hango ki ta taga kuwa, sai murnar ta koma tsoro, don kaina na gani sak lokacin da nake shekarunki: wannan dantsen, wannan ƙugun, da wannan bakin da ba ya faɗin abin da ke damunsa.

Kin san an yi miki wa, bai zo da rai ba. Iyakar abin da aka gaya muku ke nan, ke da ƙannenki, cewa Allah bai yi zai zauna ba. Gaskiya ne, ajali na Allah ne, ban taɓa musun wannan ba. Amma akwai sakaci a ciki, kuma mafi yawansa nawa ne. Shi nake so in ba ki labari tiryan-tiryan, don ba na so ki bi sawuna.

Na shigo gidan nan da jikina, dama mu gidanmu ba a san mu da rama ba. Kakarki Inna Dije, mahaifiyar babanki, ba ta haifi 'ya mace ba, sai ta ɗauki son duniya ta ɗora mini. Ita kuwa Inna ba ta iya faɗin so da baki ba, sai da kwano. Kullum da safe waina ce tana ninƙaya a man shanu. Akwai wata Bafulatana da ke kawo mana kindirmo daga rugar bayan gari, Inna ta sa ta riƙa ware mini ƙwarya guda ni kaɗai. In na dawo daga makarantar da nake koyarwa ga soyayyar doya da ƙwai, da dare ga tuwo malmala biyu. Ko na ce na ƙoshi sai ta haɗe rai ta ce, "Ci, 'yar nan. So kike danginki su ce muna barin ki da yunwa?" Ni kuwa ba wai dole ake mini ba, kada in yi wa baiwar Allah ƙarya tana kabarinta. Daɗi nake ji. In na je biki mata su kama dantsena suna cewa, "Kai, Binta, aure ya karɓe ki!" Sai in ji kaina ya yi girma. Kafin shekara ta zagayo zannuwan lefena sun daina zagaye ni. A haka ciki ya zo ya same ni, ina kan nauyin da ban taɓa kaiwa ba.

Ke ma tun da aka kai ki ɗakinki kin ƙara jiki, kuma da hannuna a ciki. Wa ya riƙa aiko miki da bokitin cincin da dubulan? Ni ce. Abin da Inna ta yi mini shi na juya na yi miki, ban ankara ba sai ranar nan. To ki ji ni da kyau. Ban ce ki zauna da yunwa ba. Mai ciki ba ta horon kanta da yunwa, kuma shayin rage ƙiba da ƙawayenki ke tallarsa a waya, ko ƙamshinsa kada ki shaƙa. Amma maganar nan ta cewa mai ciki abincin mutum biyu take ci, ki bar wa masu ita. Na biyun a yanzu bai kai ɗan yatsanki ba, ina shi ina malmalar tuwo? Ki rage suya, ki bar lemon kwalba, ki daina zuba sukari a koko kamar da gayya. Na sa miki acca a cikin kayanki, ki riƙa yin gwate da alayyahu da gauta. Wake, zogale, rama, kifi, gwanda, duk suna nan a Gombe, ba sai an aiko daga Keffi ba. Ki kuma riƙa taka ƙasa da ƙafarki da yamma in rana ta yi sanyi. Na san halinki, ko gidan maƙwabta za ki sai kin tsaida keke.

Bayan kun tafi ranar nan na kasa sukuni. Da ranar zuwana asibiti ta zo, inda nake karɓar maganin hawan jinina, sai na tsare likitar. Yarinya ce, ba ta girme ki da yawa ba, amma tana da haƙurin sauraren tsofaffi. Na ce mata, "Likita, ina da tambaya, amma ba a kaina ba. Me ya haɗa ƙiba da jijjigar masu ciki? Na ga ramammu ma suna yi."

Ta ce, "Suna yi, Mama. Babu macen da za a ce ba za ta yi ba. Sai dai wadda ciki ya samu da ƙiba sosai tun a watannin farko ta fi shiga haɗarin." Daga nan ta yi mini bayanin da na so a ce na ji shi tun ina amarya. Ta ce kitsen jikin mutum ba a kwance yake kawai ba kamar man da aka adana a kwalba, aiki yake yi. Akwai wani sinadari da yake zubawa a cikin jini, sunansa leptin. Aikinsa shi ne ya je ya shaida wa ƙwaƙwalwa cewa akwai abinci a jiki, a dakata da ci. In kitse ya yi yawa, shi ma sai ya yi yawa, har ƙwaƙwalwa ta gaji ta daina sauraronsa. Na ce, "Kamar ni da 'yan ajina ke nan, in tsawa ta yi yawa sai su daina ji." Ta yi dariya ta ce haka ne. Shi ya sa mai jiki za ta ci ta ƙoshi, ba a jima ba ta ji kamar ba ta ci ba. Wallahi Sa'a da ta faɗi wannan sai da na ji ƙwalla, don shekara da shekaru ina zagin kaina da haɗama.

Ta ce in ciki ya shiga, ita ma mabiyiya tana fitar da wannan sinadarin, sai ya haɗu da wanda ke jiki. Masu bincike sun lura cewa matan da ke kamuwa da hawan jinin ciki, wanda in an bar shi yake kaiwa ga jijjiga, galibi sinadarin nan ya yi musu yawa tun kafin ciwon ya nuna kansa, kuma ana zargin yana cikin abubuwan da ke takura jijiyoyin jini. Na ce to a auna miki shi mana. Ta ce ba gwajin da ake yi wa masu zuwa awo ba ne, har yanzu ana kan nazarinsa, kuma ba sai an auna shi ba kafin a kula da ke. Sikeli, da awon jini, da gwajin fitsari, sun isa su nuna musu inda aka dosa, muddin mace ta zo da wuri. Sannan ta tambaye ni, "Cikin fari ne?" Na ce e. "Ke kin taɓa yi?" Na ce na yi, har na rasa ɗa. Sai ta ajiye biro ta ce, "Mama, to abu uku ne suka haɗu mata. Ki ce mata kada ta jira ciki ya fito. Akwai magungunan kariya da ake fara ba irin su tun wajen wata na uku, in an makara amfaninsu ya ragu. Amma likita ne zai rubuta, ba mai kemis ba."

Kada ta jira ciki ya fito. Ni kuwa abin da na yi ke nan, har ma na wuce nan.

Kin san yadda muke da cikin fari. Ba a faɗa, ba a nunawa, ko an tambaye ki sai ki sunkuyar da kai. Ga kunya, ga tsoron baki, kowa na ce miki ciki ba ya son ido. Sauran mata kunyarsu ba ta wuce wata huɗu, don ciki zai fito ya tona su ko sun ƙi ko sun so. Ni jikina ya rufa mini asiri. Na zuba hijabi, na saki zani, babu wanda ya gane. Ina shiga aji ina fita har wata shida, malamai na cewa Malama Binta sai ƙara jiki take. Har alfahari nake yi a zuciyata, wai na iya kunya. Zancen awo kuwa ko a jikina. In kin je awo za ki zauna a benci ne a baranda, duk matar Keffi da ta gitta sai ta gan ki, kafin azahar labari ya kai Tudun Ƙofa. Inna ta sani sarai, amma ita ma ba ta tayar da maganar ba, sai ƙara man shanu da ta yi. Babanki ya taɓa cewa, "Binta, ba za ki je a duba ki ba?" Na ce masa lafiyata ƙalau, me za a duba? Shi ma saurayin miji ne a lokacin, bai sake tayar da maganar ba.

Ke 'yar boko ce fiye da ni, amma ga shi kin tsaya a gabana kina ce mini zafi. Ashe kunyar tana nan ba ta mutu ba. Ban hana ki ɓoye wa maƙwabta ba, ki ɓoye wa duk wanda kika ga dama, har ƙawayenki na waya. Amma ba a ɓoye wa ma'aikatan asibiti. A Gombe ma wa ya san ki? Ki zauna a bencin da kyau. In sun tambaye ki tarihin gida, kada ki ce babu komai don ki rufa mini asiri. Ki ce, "Mahaifiyata ta yi jijjiga a cikinta na fari, kuma tana da hawan jini." Ki faɗa da ƙarfi yadda za su rubuta.

Akwai wadda ta gane ni, kin san ta. Madam Rifkatu ta Sabon Gari, wadda ke kawo mana shinkafar Kirsimeti duk shekara. Tare muke koyarwa a lokacin, ita ta riga ta haifi uku. Wata rana a ɗakin malamai ta ga na cire silifa na ɗora ƙafa a kan kujera, don takalmina duk sun daina shiga. Sai ta matso ta danna ƙaurina da babban yatsa. Da ta ɗaga, ramin ya zauna bai ciko ba. Ta dubi fuskata, ta dubi zoben da ya nutse a yatsana, ta ce da Hausarta ta 'yan ƙabilar Eggon, "Malama Binta, wannan ba ƙiba ba ne, ruwa ne. Kina da ciki, ko? Je asibiti yau, ba gobe ba."

Kin san abin da na ce mata? Na ce, "Madam, jikina ne ya tsone miki ido? Kowa da yadda Allah ya yi shi." Na ja silifana na fita ina cika ina batsewa. Sati guda ban gaishe ta ba.

Amma maganarta ta tsaya mini a rai, sai na saci jiki na je wani ƙaramin asibiti a can bayan kasuwa inda nake ganin ba a san ni ba. Layi ya zo kaina, wata nas ta dube ni sama da ƙasa ta ce, a gaban mata cike da baranda, "Hajiya, hau sikeli a hankali, shi ke nan gare mu." Aka kwashe da dariya. Sa'a, ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ban hau ba. Na ce na manta jakata a waje, na fita, ban sake komawa ba. Da na daure minti kaɗan da an naɗa mini abin awon jini a dantse, da an ga abin da ke faruwa. Na zaɓi mutuncina a gaban matan da ko sunansu ban sani ba.

Na faɗi wannan ne don irin zuciyata gare ki. Na tuna yadda kika daina zuwa gidan ƙanwata don ta ce kin cika kujera. Na san zafin abin, 'yata, na san shi tun kafin a haife ki. Mai jiki ba ta shiga wuri a ga fuskarta, jikin ake fara gani, kowa kuma ya zama likita. Ba ki yi wa kowa laifi ba, kuma ke kyakkyawa ce, ba don ni na haife ki ba. Amma a wannan watannin ki koyi raba magana biyu. Wanda ya yi miki ba'a, ki bar shi da Allah. Wanda ya ce kin kumbura, ki tsaya ki saurare shi ko da bakinsa babu daɗi. In wata nas ta yi miki rashin kunya, ki haɗiye, ki hau sikelin, ki miƙa hannu a auna, ki karɓi sakamakonki. In abin ya ishe ki ki canza asibiti, amma kada ki daina zuwa. Kuma ki ce su sa miki babban maɗaurin awon jini, don likitar ta ce ƙaramin ba ya ba da gaskiya a dantse irin namu.

Da na shiga wata na takwas sai ciwon kai ya sa ni gaba. Ba irin wanda kika sani ba, wannan kamar ana buga taɓarya a tsakiyar ka. Na ɗaure kai da ɗankwali tamau, na sha maganin ciwon kai na kemis, bai ko gezau ba. In ina rubutu a allo sai in ga wasu ƙyalli-ƙyalli suna yawo a idona, harafi ya rabu biyu. Na ce alli ne. Fuskata ta yi suntum har idanuna suka ƙanƙance, Inna ta ce alamar ɗa namiji ce, muka yi murna. Sai kuma wani ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarina na dama. Na ce ƙwannafi ne, na jiƙa kanwa na sha. Kowace alama da jikina ya ba ni, sai da na samo mata suna mai daɗi. Yaron ma ya rage motsi, na ce hutawa yake.

Ki riƙe waɗannan kamar yadda kika riƙe sunanki. Ciwon kan da ya ƙi jin magani, gani dishi-dishi ko ƙyalli a ido, kumburin fuska da hannu da ya zo farat ɗaya, ciwo a saman ciki ko ƙarƙashin haƙarƙari, numfashi sama-sama, ko ki ji ɗan ya yi shiru. Ko ɗaya kika gani, ba biyu ba, ki yafa mayafi ki tafi. Kada ki jira ranar awo, kada ki jira maigidanki ya taso daga ofis, kada ki kira ni ki tambaye ni ko ki je. Ki kira ni kina cikin keke. Kuma ki sani, hawan jinin nan yakan yi nisa mace ba ta ji komai ba, shi ya sa ake zuwa awo ko ana jin garau.

Ranar da abin ya faru, bayan la'asar ne, ina zaune a tabarma a tsakar gida ina tsintar shinkafa. Na tuna tiren a cinyata. Daga nan ban san komai ba sai farkawa na yi a gadon asibiti, harshena a kumbure na tattaune shi, cikina a ɗaure da bandeji. Sauran labarin ba ni aka yi. Wai na faɗi ina ta karkarwa, idanu sun juye, kumfa na fita. Inna ta ƙwalla ƙara, mata suka cika gidan. Wata ta ce iska ce, dama mai ciki ba ta zama a tsakar gida in rana ta karkata. Aka kawo garwashi aka yi mini hayaƙi, aka cusa mini cokali a baki, aka aika a kira malami. Kowa a wurin sona yake, kowa iyakar saninsa yake yi. Na lafa, suka ce iskar ta sauka. Na sake yi. Sai da babanki ya dawo gab da magariba, ya ga halin da nake ciki, ya ture kowa, ya roƙi wani maƙwabci mai a-kori-kura aka shimfiɗa ni a baya. Ni an samu an ceto ni. Yaron an makara.

Namiji ne, kamar yadda Inna ta ce. Babanki da ƙannensa suka kai shi makwancinsa tun ban farfaɗo ba. Ban ga fuskarsa ba. Da na matsa wa babanki da tambaya daga baya, abin da ya iya ce mini kawai shi ne yana da suma da yawa. Har yau in na ga jariri mai suma sai na kau da kai na ɗan lokaci.

Inna ta zo asibiti ta zauna a ƙasa kusa da gadona, ta ƙi hawa kujera. Tana kuka tana cewa, "Ni na cuce ki, 'yar nan. Ni na yi ta ɗura miki." Na ce, "Inna, ba ke ba ce. An gaya mini, na ƙi ji." Muka yi ta kuka mu biyu har nas ta zo ta ce jinina zai sake hawa. Ban taɓa riƙe ta a zuciya ba, ke ma kada ki riƙe ta. Madam Rifkatu ta zo da abinci a kula, na kasa haɗa ido da ita. Ba ta ce ai na gaya miki ba, ko sau ɗaya, har yau.

Da cikinki ya zo, Madam ɗin ce ta raka ni awo tun ban gama tabbatarwa ba, Inna kuma da kanta ta koma dafa mini gwate da ganye tana mita wai abincin marasa lafiya. Jinin ya so ya hau a ƙarshe, amma ana kallonsa, aka ba ni magani, aka kwantar da ni, aka ciro ki kafin lokaci kaɗan. Kika zo 'yar mitsitsiya kina tsala ihu. Kin ga ke nan abin ba hukuncin kisa ba ne. Jikin nan dai shi ne, matar nan dai ita ce, bambancin kawai na je da wuri. Bayan haihuwa ma kada ki saki jiki, don likita ta ce yakan taso a kwanakin jego. Ni zan zo miki wankan jego in Allah ya kai mu, kuma tun yanzu ina gaya miki babu kunun kanwa a gidan, don kanwa na tayar da jini, duk wadda ta kawo ni zan tare ta a ƙofa.

Malam Nasiru, ka gafarce ni, ga taka. Na san kai mai kawaici ne, kuma na san matarka, in ta ce lafiyarta ƙalau sai ta sa ka ji kamar ka yi laifi da ka tambaya. Kada ka yarda. Ka kai ta awo da kanka, ka sayi na'urar awon jini ta gida mai babban maɗauri, ka sa a koya maka. Tun yanzu ka san asibitin da ke da likita dare da rana, ka san wanda zai ba ka mota in taka ta ƙi tashi. In Allah ya kiyaye ta faɗi tana karkarwa, ka kwantar da ita ta gefen hagu, kada a sa mata komai a baki, kada a yi hayaƙi, kada a jira kowa. Addu'a a yi ta a cikin mota, Allah yana ji a can ma. Kuma in ta rage cin suya, kai ma ka rage. Ba za ta ci zogale tana kallon ka da tsire ba.

Sa'adatu, ga abin da nake so, ba kuma roƙo nake ba. Litinin ta farko bayan kun sauka, ko kayan ɗaki ba ki gama jerawa ba, ki je ki yi rajistar awo. In sun auna jinin za su faɗi lamba biyu, ta sama da ta ƙasa. Ki turo mini su a waya. Ba sai kin ce mini kina da ciki ba, na yafe miki wannan, ki riƙe kunyarki. Lambobin kawai nake so, duk ranar awo. In Litinin ta wuce ban gan su ba, Talata da sassafe ina tasha, da ciwon gwiwata da komai, kuma kin san zan aikata. Na haifi ɗa ban ga fuskarsa ba. Wannan ina so in gan shi, kuma a hannunki nake so in gan shi, kina zaune da ranki da lafiyarki kina yi mini tsiwa.

Allah ya raba ku lafiya. Allah ya tsare mini ke a hanya da gida, ya tsare abin da ke cikinki, ya sa ki ji maganar da ni na ƙi ji. Babanki yana sa miki albarka, bai san na rubuta wannan ba, amma ya ga ina share ido ya fita ya ba ni wuri. Na bar ku a hannun Allah, shi ne ba ya barci.

Wassalamu alaikum.

Mahaifiyarki,
Binta.